Turken Da Ba A Tuge Ba

A aji uku na firamare na gano cewa mutum yana iya tsufa cikin mako guda. Ranar Litinin na shiga aji ina ɗan shekara tara, kafin Alhamis in ka gamu da ni a hanya sai ka rusuna ka ce sannu Baba. Abin da ya tsofar da ni kuwa lissafin ɗebewa ne, irin wanda ake yi da aro.

A farkon shekarun tamanin ne, muna zaune a gidan haya a Makera. Babanmu yana aiki a masaƙa a Kakuri, lokacin da jiniyar masaƙa ce agogon unguwa: ita ke tashin mutane, ita ke mayar da su gida. Malamar ajinmu, Malama Rifkatu, doguwar mace ce 'yar kudancin jiha, mai murya a sanyaye da ido mai hango abin da ke cikin aljihun yaro daga bakin ƙofa. Ta sa kowa ya zo da tsinken tsintsiya, muka ɗaure su goma-goma da zare. In ta rubuta arba'in da biyu a allo, ta sa goma sha bakwai a ƙasa, sai ta ce: "Biyu ba za ta iya ba da bakwai ba. To ta je gidan maƙwabci ta aro goma, ta zama sha biyu. Shi kuma maƙwabcin, huɗun nan, a soke shi a rubuta uku."

Aron ban taɓa samun matsala da shi ba. Sokewar ce na ƙi. A gidanmu na haya, in maƙwabciyarmu maman Bitrus ta sam wa Innarmu gishiri, ba wanda ke fita tsakar gida ya yi shelar cewa gishirin maman Bitrus ya ragu. Mutum ya rufa maka asiri, kai kuma ka ɗauki fensir ka ja masa layi a fuska? Sai in bar huɗu da mutuncinsa, in samu talatin da biyar, alhali amsar ashirin da biyar ce. Kullum ina da rarar goma da ba wanda ya san daga inda ta fito.

Ranar Alhamis Malama Rifkatu ta gaji. Ta ce gobe Juma'a akwai gwaji, tambaya goma, duk wanda bai ci shida ba hedimasta ya yarda a mayar da shi aji biyu ya sake koyo daga tushe. A aji biyun nan kuwa ƙanwata Talatu take. Kafin mu iso gida labari ya riga mu.

"Yaya Ɗanlami, na share maka wuri a bencinmu," in ji ta. "Kusa da taga, saboda manya suna son iska."

Da yamma aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, aka ɗauke wuta. Bayan isha muka taru a baranda kewaye da kurfotin Kaka Dije, uwar babanmu, tana gasa mana masara. Tsohuwa ce 'yar firit, wadda ba ta taɓa riƙe alli ba, amma in ta kalli kwanon gyaɗa za ta gaya maka guda nawa ka sata da ranar da ka sata. Ni take kira angonta. Ta ga na zuba wa damman tsinkena ido ban ko taɓa masara ba.

"Angon nawa yau ko cefane ya gagara ne?"

Talatu ta kwashe komai ta gaya mata, har da ƙari. Kaka ta karɓi tsinken, ta jujjuya dami ɗaya a hannu, ta sa na maimaita mata abin da malama ta ce sau biyu. Ba ta yi dariya ba, abin da ya fara ba ni tsoro ke nan. Ta tura gawayi da tsinke, wutar ta haska rabin fuskarta.

"Ga wata nan tafe," ta ce, "mai tsoro ya matso tsakiya."

Muka ce ta iso, muna nan. Har Bitrus ɗan maƙwabtanmu ya matso.

Wai a wani gari a bakin kogi akwai maƙwabta biyu da danga ɗaya ta raba. Na dama talaka ne, awakinsa biyu kacal, suna yawo a sake. Na hagu mai hali ne, turke huɗu gare shi, kowane turke akuya goma. Kowace damina, in ruwa ya kawo bakin gaɓa, wani abu yakan fito daga kogin ya karɓi rabonsa, shi kuma ya hana ruwa cin garin. Ba a faɗin sunansa, Baƙon Ruwa kawai ake cewa. Makaho ne, ba ya ƙirga awaki da ido. Turke yake shafawa da hannu, kuma a wurinsa duk turken da ke tsaye yana nufin rai goma. Shi ya sa garin suke da doka: in aka kwance turke aka ba ka abin da ke kai, kai da ka karɓa, kai za ka tuge turken da hannunka, da rana tsaka, kowa yana gani.

"Ya kamanninsa suke, Kaka?" in ji Bitrus.

"Waɗanda suka gan shi ba su dawo sun ba da labari ba. Sawunsa dai ake gani da safe, kuma sawun ba ya bushewa ko an yi rana bakwai."

A wata shekara Baƙon Ruwa ya tsaya a bakin danga ya ce gidan dama su ba shi bakwai, gidan hagu su ba shi turke guda. Talaka ya duba, biyu gare shi. Ya leƙa ta kan danga, bai ma buɗe baki ba maƙwabcin ya kwance turke ɗaya ya koro masa goma. Suka zama sha biyu, ya ba da bakwai, biyar suka rage masa. Baƙon ya wuce gidan hagu ya kwashi turkensa guda, ya shafa sauran, ya ji uku a tsaye. Ya ce, "Uku na bari. Baɗi uku zan tarar."

Da gari ya waye talaka ya zo tuge turken da aka kwance masa, sai kunya ta kama shi. Mutumin da ya fitar da shi, shi zai tsaya gaban jama'a ya nuna cewa arzikinsa ya ragu? Ya fasa. Har harawa yake zubawa a gindin turken da asuba, don masu wucewa su ɗauka awakin sun tafi kiwo ne. Maƙwabcin ma ya ga karamci aka yi masa, ya bar turken a tsaye.

Nan Kaka ta juya masara ɗaya bayan ɗaya. Ruwa yana ɗiga daga kwano cikin bokiti. Ban taɓa sanin ɗigar ruwa tana da kama da takun ƙafa ba sai ranar.

Damina ta zagayo. Baƙon Ruwa ya shigo gidan hagu yana lalube. Ya shafa turke na farko, ya bi igiya, goma. Na biyu, goma. Ya shafa na uku, ya bi igiya har ƙarshenta, ba komai sai harawa. Kaka ta sauke murya har sai da muka karkato da kunnuwa.

"Sai ya ce, 'Turken nan ya ce goma. Turke ba ya ƙarya. Bari in nemo masa gomansa.' Sai ya juya ya fuskanci ɗakunan kwana."

Da safe talaka ya leƙa ta kan danga ya ga turke uku, kowanne cike da akuya goma. Gidan kuwa tsit, ba hayaƙi, ba motsin tsintsiya. Mutanen gidan su goma ne har da jariri. A turke na uku akwai wata tsohuwar akuya da ɗan kunne a kunnenta, da wani ɗan ƙaramin da ba ya kuka irin na awaki. Babban bunsurun da ke cikinsu ya ɗago kai ya dubi talakan, ya yi ta dubansa, bai ko ƙifta ba.

"Iyakarta ke nan," in ji Kaka. "Na ajiye ta a nan, mai so ya ɗauka."

Talatu tana ta motsa yatsu a cikin duhu. Can ta ce, a hankali, "Mu ma goma ne a ɗakunanmu, har da Kawu."

Ba ta rufe baki ba jiniyar masaƙa ta ɗauka. Na sha jin jiniyar nan tun ina cikin zani, amma ranar na rantse daga cikin kogi ta fito. Bitrus ya tsallake kurfoti ba tare da ya taɓa ƙasa ba, har yau ban san yadda ya shiga ɗakinsu ba, don ƙofar a rufe take. Kaka ta miƙo mini damman tsinkena huɗu da guda biyu a sake.

"Ba ni sha bakwai."

Na kwance dami ɗaya, na ba ta bakwai, na ƙara mata dami guda. Zaren da na kwance yana nan kwance kusa da sauran damman biyu.

"Wannan fa?" ta nuna shi da baki. "Wa ka bar wa?"

Na ɗauke zaren na jefa cikin wuta. Muka sake da wani lissafin, muka sake, har masara ta ƙone ba wanda ya kula.

Ranar Juma'a na shiga gwaji kamar mai zuwa ceton rai. Duk lambar da na ara a wurinta sai na danna mata fensir har ya ɓula takarda ya shiga benci. Ina jin da za a je makarantar yau, za a tarar da ramukan. Malama Rifkatu ta ɗaga takardata, haske yana shigowa ta cikinta kamar rariya.

"Ɗanlami, sokewa na ce ka yi, ban ce ka yanka shi ba."

Takwas na ci. Talatu ta yi kwana uku ba ta yi mini magana ba, wai na sa ta share benci a banza.

Shekaru da yawa ina ba da labarin nan a majalisa don a yi dariya, ina ƙara wa Baƙon Ruwa tsawo duk shekara. Sai da Kaka ta kwanta ciwon ajali, ina da gemuna, sannan labarin ya daina ba ni dariya. Likita ya duba ta ya ce jikin nan ya daɗe da ƙarewa, yana mamakin da me take tafiya. Ita ce mai goyon jariran gidan haya duka in iyayensu sun tafi aiki. Ita ce mai cewa haƙoranta ba sa son nama, ta tura wa jikoki. Ita ce mai tashi da mai zazzaɓi, mai daka, mai raka mai naƙuda. Duk wanda nasa bai kai ba, ta kan danga yake leƙawa, ita kuma ta kwance ta miƙo tun bai buɗe baki ba. Muna ganin girmamawa ce mu ci gaba da cewa Kaka ai ƙarfe ce, Kaka ba ta gajiya. Ba wanda ya taɓa tsayawa da rana tsaka ya ce tsohuwar nan ta ragu, a sauke mata.

Ni ne na fi kowa karɓa a hannunta, kuma ni ta zauna ta koya wa da bakinta. Na ci takwas cikin goma a takarda, amma a gida ko sau ɗaya ban soke ba.