Toka a Jikin Inji

A gidanmu na Utai ba a kashe wutar murhu da an sauke tuwo. Kakarmu Iya Tabawa takan bar ta tana ci a hankali har bayan sallar isha, ta jawo kujerarta kusa, mu jikoki mu kewaye ta. A hannunta akwai wani guntun kara da take tona garwashi da shi, da shi kuma take nuna duk wanda ya fara gyangyaɗi. Ni take yawan nunawa.

"Kai, maigidan nan nawa, ko cefane ba ka kawo ba, kuma za ka yi mini barci a bakin murhu?"

Sai a yi dariya, ita kuma ta ce, "Ga ta nan ta iso bakin wuta." Mu amsa, "Ta zauna mu ji ta."

Tatsuniyar da ta fi zama mini ita ce ta wani falke mai kai man gyaɗa kasuwar Wudil a cikin tandu, wato gorar fata. Wata rana ya ga mai yana ɗiga daga gindin tandun. Ya kai wa baduku aka liƙe gindin, ɗigar ba ta tsaya ba. Aka sake liƙewa, har gindin ya yi kauri kamar tafin raƙumi, mai bai fasa zuba ba. Ya ɗaga tandun zai wurga a kogi ke nan, sai wata tsohuwa mai wanki ta tsayar da shi. Ta wanke tandun, ta shanya, ta barbaɗe shi da toka tun daga baki har ƙasa, sannan ta ce a zuba mai. Jim kaɗan wani baƙin layi ya bayyana a cikin tokar. Daga wuya ya taso, ya gangaro ta baya, ya taru a gindi.

"Inda ya ɗiga daban, inda ya fito daban," in ji Iya, tana zana layin da karanta a tokar murhu. "Ƙurunƙus. Wuta ta yi barci, saura ku."

A lokacin abin da na ɗauka kawai shi ne falken wawa ne.

Bara na tsinci kaina a matsayinsa. Motar da mahaifina ya bari, wadda nake kai mahaifiyata asibiti da ita, ta fara barin baƙin mai a ƙofar gidana da ke Sabon Gari. Bakanikenmu, Malam Sabi'u, wanda ya san motar tun mahaifina yana raye, ya kwance kaskon mai da ke ƙasan injin, ya sa sabon gaskit, wato shimfiɗar da ke toshe bakinsa. Ɗigar ta dawo. Ya sake kwancewa ya ƙara gam, ta sake dawowa. Daga nan ya ce mini injin ya gaji, gara in sallama motar ga 'yan gwangwan tun tana motsi. Ban ga laifinsa ba, don ƙasan injin duk ya yi baƙi ƙirin, ko'ina ka taɓa mai ne.

Na tsuguna ina kallon ɗigon da ke reto a gindin kaskon, sai na ce, "Malam Sabi'u, a wanke shi tas, a bar shi ya bushe. Zan samo toka."

"Toka kuma? Malam, inji za mu gyara ko miyar kuka za mu kaɗa?"

Amma ya wanke. Na karɓo toka mai sanyi wajen mai ƙosai da ke bakin garejin, muka toshe inda injin yake shaƙar iska, muka barbaɗe gabansa da gefensa. Ya tayar da shi na ɗan lokaci, ya kashe. Layin ya fito siriri, ba daga kaskon ba, daga can bayan fuli, wato faifan ƙarfen da ke juya bel ɗin fanka. A nan akwai wani zoben roba da suke kira sil, wanda ke hana mai bin ƙarfen da ke juyawa.

Da ya cire fulin ya zaƙulo sil ɗin, robar ta bushe, ta tsage kamar tsohon takalmi. Ya goge gurbin, ya kawo sabon sil, ya shafa wa leɓensa ɗan mai, ya riƙa bugunsa a hankali ta kowane gefe har ya zauna daidai.

"Wace makaranta aka koyar da wannan?" ya tambaye ni yana goge hannu.

"Ta Utai," na ce. "Malamar ta rasu."

"Allah ya jiƙanta. Da ma ta buɗe gareji."

Sai a hanyar gida na tuna lokacin da Iya ta fi kawo wannan tatsuniya: ranar da aka daki yaro don ya yi kuka, ba a tambayi wanda ya tsokane shi ba. Ashe ba mu kaɗai take faɗa wa ba. Iyayenmu suna zaune a bayanmu, cikin duhu, suna ji.

Washegari da safe na leƙa ƙarƙashin motar, ƙasa a bushe take. Mahaifiyata ta fito da mayafinta, na buɗe mata ƙofa.