Ranar da Na Daina Cewa "Da Sauƙi"

Wata biyar ban ce uffan ba a nan. Masu murnar an rufe min shafi saboda bakina, ku yi haƙuri, ina nan. A kwance nake.

Daga cinya ya fara. Na ɗauka zaman keken ɗinki ne, na yi ta shafa man zafi har shagona ya ɗauki wari. Da aka yi hoto, aka ɗebi tsoka aka gwada, likita ya ce sankarar ƙashi ce, ta riga ta kai huhu. Ba maganar warkewa, sai dai a rage min azaba. Aka ba ni gado a asibiti.

Ciwon kuwa, kamar ana tauna ƙashin daga ciki.

Ga wautata. Kullum da safe likita zai ce, "Malam Nura, ya jiki?" Ni kuma in ce, "Da sauƙi, alhamdulillahi." Haka aka tashe mu. Ko Baba, ranar da zai rasu, haka ya amsa. Likita ya rubuta abin da ya ji, ya bar ni a kan ƙananan ƙwayoyi. Kwana tara ina cizon filo.

Da tsoro kuma a ciki. Na karanta a waya cewa morfin, maganin da ake ba masu ciwo irin nawa, dangin ƙwayoyin da suka lalata samarin layinmu ne a Tudun Wada. Ni da na sha zaginsu a shafin nan? Inna ma ta ji an ce allurar waɗanda aka cire rai da su ce.

Wata dattijuwar nas, Mama Rifkatu, ita ta gano ni. Ta zo canza zanin gado ta ga filo a yage.

"Ɓera ne?"

"Ina na sani."

"Ɓera mai gemu. Ɗana, gaisuwa daban, asibiti daban. Daga ɗaya zuwa goma, ciwon nawa ne?"

Na buɗe baki zan yi mata rashin kunya, kuka ya riga ni.

"Goma, Mama."

Ta kira likita, ya rubuta allurar morfin. Ya ce wa Inna, "Hajiya, ba allurar bankwana ba ce. Da awo muke ba shi, muna lura da numfashinsa."

Bayan azahar aka tura ta a jijiyar hannuna, a hankali. Ɗumi ya hau kafaɗata. Fankar sama ta rage gudu. Na ji kamar ina bayan acaɓa za mu Hanwa, titin ba rami ko ɗaya, ƙasa na ƙamshin ruwan farko. Ciwon yana nan, amma ya koma can nesa, kamar rediyon maƙwabta.

Inna ta ce da ta ga na yi lamo sai ta kai yatsa hancina. Sai na ja minshari.

Ba daɗi zalla ba ne. Na yi amai, cikina ya ɗaure sai da aka haɗa min da wani magani. Bayan kwana huɗu aka mayar da ni kan na sha, aka sallame ni. Ban warke ba, kar wani ya ƙara min gishiri. Amma ina zama, ina salla, na koma tilawata.

Na gode wa Allah. Inna, ki yafe min tsawar da na yi ta miki. Mama Rifkatu, Allah Ya saka miki, filo kuma a yafe.

Mai ciwo, faɗa wa likita gaskiya. Kar ka sayi maganin nan a kemis, kar ka ƙara awo da kanka. Masu turo min hoton ganyaye, ya isa haka.

In kun je dubiya aka ce muku da sauƙi, ku ja kujera ku sake tambaya.