Fiyus ɗin da ke ƙonewa a ƙofar gidan abokina

Shekarun baya, lokacin da na samu aiki a wani shagon buga takardu a Kalgo, can nake kwana, sai ranar Juma'a da yamma in hau mashin in koma gida Gwandu. Magariba takan riske ni a hanya, fitilar mashin ɗin kuma kamar aci-bal-bal. Rannan na sayi sabon ƙwai, irin farin nan mai kashe ido. Mai shagon ya ce in kai wa mai rewaya, wato mai gyaran wayoyin wutar mashin, ya sa min. Na ce Allah ya kiyaye, ƙwan fitila ne zai gagare ni? Na fere waya da haƙori, na murɗe, na naɗe da leda. Haske fayau!

Ina da aboki tun muna makarantar allo. Tare muka nemi aikin nan, aka ɗauke ni aka bar shi. Duk Juma'a gidansu nake fara biyawa kafin namu. Gidan yana cikin wani matsattsen lungu, sai ka karya kan mashin hagu gaba ɗaya kafin ka shiga.

Juma'ar farko da sabon ƙwai, ina shan kwanar lungun sai na ji ɗas. Fitila ta mutu, hon ya mutu. Abokina ya fito ya haska min da wayarsa, muka ga fiyus ne ya ƙone. Ya shafa tankin mashin yana dariya, ya ce, "Wanga haske naka ya hi ƙarhin unguwarmu."

Na canza fiyus. Mako guda ina yawo a Kalgo lafiya lau. Juma'a ta zagayo, lungun nan dai, ɗas. Ta uku ma haka.

To ni, Allah ya yi ni da saurin zargi, ba na ɓoyewa. Na zauna na fara haɗa zance. Me ya sa sai a ƙofar gidansa? Me ya sa kullum sai ya shafa tankin? Ranar da aka ba ni aiki ma, anya murnar da ya yi ta kai ciki? Na tuno dariyarsa, sai na ji ta canza min a kunne.

Na yi gwaji. Juma'a biyu na wuce gida kai tsaye, ko gezau fitila ba ta yi ba. Shi ke nan, na yanke hukunci. Kada ku yi min dariya: har rubutu na karɓo, na sha rabi, na yayyafa wa mashin rabi.

Mahaifiyata ta kama ni ina yayyafin. Da na faɗa mata, ta ce, "Kai dai ba ka da kunya. Yaron da kuka ci tuwo ƙwarya ɗaya? Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya." Na ce, "Inna, ba ki san mutanen yanzu ba." Ta ce ita dai ta san ɗanta, kuma ba ta yaba hankalinsa ba.

Washegari Asabar da hantsi sai ga abokina ya zo har gida. Ya ce kwana biyu bai gan ni ba. Ya sa hannu a aljihu ya fiddo fiyus guda biyar a ƙulle a takarda, ya ce ya je kasuwa ne ya tuna da ni.

A raina na ce, wato ya san zai ƙara ƙonewa ke nan. Na ƙi karɓa. Na ce masa, "Riƙe abinka. Kuma don Allah ka fita harkar mashina. Aikin nan Allah ne ya ba ni, ba ƙwace maka na yi ba."

Ya ce, "Mi kake nuhi?" Na ce ya fi ni sani. Ya mayar da ƙullin aljihu ya fita.

Bayan kamar wata guda, ina fitowa daga Kalgo gab da magariba, fitila a kunne, sai garken shanu ya tare hanya. Na karya kan mashin hagu gaba ɗaya don in juya. Ɗas. Na tsaya a tsakiyar shanu ina waige-waige kamar wawa. Babu lungu, babu abokina. Gwandu ma tana can nesa.

Da safe na tura mashin wurin wani dattijo mai rewaya a Kalgo. Ya sa sabon fiyus, ya kunna fitila, ya juya kan mashin dama, lafiya. Ya juya hagu har ƙarshe, fiyus ya tashi. Ya kwance murfin fitilar, ya zaro wayar da ledar ta narke a jikinta, tagulla a waje tsirara.

Ya ce, "Wane mugu ya yi maka wanga aiki?"

Na ce, "Baba, wani ne can."

Ya ce, "To, ka gaya mai ya bar taɓa waya. Ƙwan ya hi na da zahi, ya narke ledar. Duk sadda ka karya kai hagu, wayar ta taɓa ƙarhe. Da ba don fiyus ba, da mashin ɗin ya kama wuta ƙarƙashinka."

Minti goma bai cika ba ya gyara.

Ban jira Juma'a ba, ran nan na kama hanyar Gwandu. Na shiga lungun lafiya ƙalau, abin da ya ƙara min kunya. Na faɗa wa abokina komai, har rubutun ban rage ba, na roƙi gafara. Ya ce, "Ba komai, na yahe maka duniya da lahira." Har fura ya sa aka kawo min.

Ya yafe, na yarda. Muna gaisawa, muna zuwa sabgar juna har yau. Abin da na koya shi ne, mai zargi ba ya rasa hujja, duk abin da ya gani sai ya zame masa shaida. Na bincike zuciyar mutum kaf, ban buɗe murfin fitila ba.

Sai dai akwai abin da bai dawo ba. Bara da aka yi min haihuwa, ranar suna ya zo tun da sassafe, shi ya shimfiɗa tabarmi, shi ya raba goro. Da aka fito da jaririyar ana miƙa wa abokai, na ɗauko ta na nufe shi da kaina. Ya leƙa fuskarta, ya yi murmushi, ya yi mata addu'a mai tsawo. Amma hannayensa suna goye a bayansa, bai karɓe ta ba.