Rijiyar Baffa

Shekarar da tsofaffin rijiyoyin burtsatse da ke shayar da garinmu suka fara tofo yashi, ni aka ɗora wa nemo inda za a haƙa sababbi. Ina sabon injiniya lokacin, sai rawar kai. Wata biyu muna jan waya a gonaki tsakanin Kura da Bunkure muna auna ƙasa. Da awo ya fito, jijiyar ruwa mafi ƙarfi tana ƙarƙashin gonar Baffa, yayan mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ina ɗan shekara bakwai.

Baffa malami ne, yana da makarantar allo a zaure, da rani kuma ya noma albasa. A tsakar gidansa akwai rijiyar da kakanmu ya haƙa, ruwanta garai-garai, duk unguwa nan take ɗiba.

Na durƙusa na yi masa bayani, na ce za a biya diyya.

"Diyya? A kan ruwa? Kai ɗan nan, boko ya cinye ka! Ku haƙa, na bayar sadaka."

"To Baffa, a rubuta a takarda cewa za a bar wa unguwa famfo ɗaya."

"Ba a gindaya wa sadaka sharaɗi. Abin da ka ba Allah, ka ba shi."

A gidanmu ba a maimaita wa Baffa magana. 

Aka haƙa, muka kunna inji kwana uku ba tsayawa don gwaji. Kullum da safe nakan zura awo a rijiyar gida. Ran na uku ruwan ya sauka gaba guda cur. Na kai wa ogana, ko ɗago kai bai yi ba, ya ce damina za ta mayar. Wallahi na san ba za ta mayar ba, abin da na karanta ke nan. Layi ɗaya na fensir zan ƙara a zanen, bututu ya ratso zuwa unguwa. Amma oga ya ce a'a, Baffa ya ce a'a, ni kuma ragon banza na sa hannu.

Rani na farko aka ƙara wa guga igiya. Na biyu aka sake ƙarawa. Na uku guga ya dawo da taɓo. Mata suka koma kanal, magudanar ruwan noman rani, inda ake wanke buhunan taki.

Baffa bai taɓa yi mini maganar ba, ko sau ɗaya. In na je gaishe shi sai ya ce, "Mutanen gari suna samun ruwa?" In ce suna samu. Ya ce, "Alhamdu lillahi." Da ma zagina ya yi, da na fi samun sauƙi. Na yi ta cewa baɗi zan nemo yadda za a ja bututun, baɗi kuma ba ta ƙarewa.

Da bazara ya rasu, ranar wata Talata da hantsi. Aka tashi yi masa wanka, babu ruwa a gidan. Na ruga gona da jarka biyu kamar mahaukaci. Inji yana ta ruri a bayan shingen waya, maigadi ya buɗe mini ƙofa yana ta'aziyya, sai na tsaya turus. Babu inda zan tara jarka. Bututun a rufe yake tun daga bakin rijiya har cikin gari, kuma ni na zana shi haka.

Daga kanal na ɗebo. Matan gida suka tace da mayafi sau biyu, bai washe ba. Liman ya ce ɗan mamaci ne zai zuba ruwa, duk aka juyo ana kallona. Na karɓi butar, na zuba jan ruwan nan a kan farin gemunsa.