Malama Bara'atu da Madarar Ya Fanna

Bara'atu 'yar Azare ce. Bayan ta gama jami'a, ta samu aiki a wata masana'anta a Legas inda ake mayar da sitacin masara ruwan zaƙi. A can ta ƙware wajen aiki da enzayim, wato sinadarin da ke farfasa abinci, irin wanda ke cikin yawu da hanji. Tsada gare shi, don haka ba a zuba shi ya bi kaya ya tafi. Ɗaure shi ake yi a jikin wasu 'yan ƙwallaye, ruwa ya ratsa ta cikinsu ya wuce, gobe a sake amfani da su.

A 2004 mahaifinta ya kwanta ciwo. Ta ajiye aikin ta dawo gida, ta kama koyar da kimiyya a wata makarantar 'yan mata.

Maƙwabciyarsu Ya Fanna, dattijuwa Babarbariya, ta tashi daga doguwar jinya ta rame ƙwarai. Likita ya ce ta dinga shan madara, amma da ta sha sai cikinta ya kumbura.

"'Yar nan, ni da madara mun rabu," in ji ta.

"Ba madarar ba ce, Ya Fanna, sukarin cikinta ne hanjinki ya kasa narkarwa. Ki ba ni lokaci."

Bara'atu ta roƙi Morayo, tsohuwar abokiyar aikinta, ta aiko mata da enzayim mai narkar da sukarin madara, da wani gari na ciyawar teku. Ta kwaɓa su, ta ɗiga da sirinji cikin ruwan sinadari, suka dunƙule kamar ƙwan kifi. Zubin farko zafin bazara ya lalata shi, ga ba wutar lantarki balle firji. Na biyu sai ta rufe a kwalba ta jefa cikin randa.

Kullum da safe takan dafa madarar, ta bari ta huce, ta tsiyaye ta a hankali ta cikin ƙwallayen. Ranar farko Ya Fanna ta kurɓa tana ɗari-ɗari, sai ta ji zaƙi.

"Kin sa sukari?"

"Ko ƙwaya. Nata ne ya fito."

Cikin bai kumbura ba. Kafin damina ta ƙare tsohuwar ta fara zuwa kasuwa da ƙafarta. Bara'atu ba ta taɓa karɓar komai ba. Daga baya ma ɗalibanta ta koya wa, har wasu mata daga garin Yana suka riƙa zuwa da galan ɗinsu na madara ranar Lahadi.