Tambayar da Na Aro a Waya

Lokacin nan ina da shekara talatin da 'yan kai, ina noman albasa a Garu, kuma wallahi bakina ya fi gonata aiki. Gardama nike so kamar tuwo. Akwai wani makaniki Kirista, mutumin kudu, da ke gyara muna injin ban-ruwa bakin kasuwar Malanbil. Shekara shida muna tare. In na kai inji sai in zauna bisa bencinshi, ina tsokanar shi da zancen addini, shina dariya.

Wata rana anka turo mani bidiyon wani bature shina caccakar Kiristoci da Faransanci. Faransancina na kasuwa ne, rabi nike kamawa. Abin da na kama shi ne, in Allah uba ne mai ƙauna yadda suke cewa, kuma shina da iko, don mi yara ƙanana ke shan wahala shina kallo? Daɗi ya kashe ni, na ɗauka baturen Musulmi ne irinmu. Na hardace tambayar, na kai ma makanikin gaban mutane. Na san sarai ɗiyarshi na fama da sikila, amma na ce ya dubi gidanshi ya ba ni amsa. Bai yi dariya ba. Ya aje ƙarfen da ke hannunshi, ya ce injina ya gyaru, in ɗauka.

Daga baya wani malamin makaranta ya kalli bidiyon, ya ce mani ai mutumin nan bai yarda akwai Allah ba sam, da mu da su duka yake nufi. Na yi a'uzubillahi na goge, na ɗauka shi ke nan.

Da damina zazzaɓi ya kama ɗiyata, 'yar shekara huɗu. Ruwa ya cinye hanya, kafin mu kai asibiti bisa babur ta cika a hannuna. Na san ƙaddara ce, bakina ma ya faɗa. Amma in na ɗaga hannu zan kabbara, sai tambayar nan ta taso mani, kuma da muryata. Limaminmu ya ce jarrabawa ce, na yarda, amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Tsoro ya kama ni, ban san ko ina nan da imanina ba.

Ranar sadakar ukku sai ga makanikin ya zo gaisuwa, laka har gwiwa. Ya zauna gefen tabarma, ni ko ina jiran ya maido mani da tambayata. Bai yi ba. Da na raka shi na roƙi gafara, na tambaye shi wace amsa gare shi. Ya ce ba shi da ita. Tun da anka haifi ɗiyarshi yake wannan tambaya, kuma kowace Lahadi da ita yake shiga majami'a.

Har yau ina sallata, har yau a ruɗe nike, ina roƙon Allah Ya kwantar mani da zuciya. 'Yan'uwa, kada ku ɗauko maganar da ba ku san mai ita ba, kuma kada ku ci gardama da ciwon ɗan wani. Na jefi uban yarinya marar lafiya da tambaya don mutane su yi dariya, yanzu ni ke tsayawa da ita sau biyar a rana.