Igiya Ɗaya, Gona Biyu

A ranin da kowa a yankinmu ya rufta noman alkama, ni ko kwano ɗaya ban shuka ba. Abin da na zuba a gona shi ne ihu. Wani Alhaji mazaunin birni ne ya ɗauke ni korar tsuntsaye a fulotinsa da ke bakin kanal, tsakanin Kura da Bunkure, kuma a duk ayyukan da na taɓa yi a duniya babu wanda ya dace da ilimina kamar wannan. Na ɗan zauna ajin yaƙi da jahilci, malamin ya ce maƙogwarona ya fi kaina aiki, ban yi masa musu ba.

Ba sha'awa ce ta kai ni ba. Maiɗakina ta haihu da ƙyar, sai da aka yi mata aiki a asibiti, uwarta ta wuce da ita Garun Malam jinya. Babbar 'yarmu, wadda ba ta daɗe da yaye ba, tana fama da tari, likita ya ce a nisanta ta da jariri. Aka waiga hagu aka waiga dama, aka ga babu kowa sai ni. Lebura nake yi a da, na ɗaukar kwandunan tumatir a Kadawa, amma wannan aiki ba ya son mutum mai goyo. Korar tsuntsu kuwa safe da yamma ne. Da rana ta take, jan-baki sai su shige bishiya su huta, ni ma in huta.

Ana nan sai ga yayata daga Kumbotso. Ita ta goya ni, ita ta yi mini tsarki, kuma har yau ba ta yarda na girma ba. Allah bai ba ta 'ya mace ba, ga shi yarinyar sunan mahaifiyarmu ta ci. Ta dubi kan yarinya da bai ga mataji ba, ta dubi rigar da na sa mata a baibai, ta ce riƙo za ta tafi da ita. Na san irin wannan riƙon. A danginmu yarinyar da gwaggo ta ɗauka, sai dai ka riƙa kai mata ziyara da tsaraba kamar baƙo. Kuma ƙane ba ya buɗe baki ya ce wa yayarsa a'a. Na yi ta lallami, na yi ta rantse-rantse, har ta ce to, ta ba ni dama. Za ta dawo ranar da ban sani ba. In ta tarar da yarinya a wulaƙance, ko ta tarar ba ni da aikin ciyar da ita, magana ta ƙare.

Aikin safe ba ya ba ni wahala. In ɗora yarinya a wuya, mu tafi, in shimfiɗa mata buhu a ƙarƙashin rumfa. Mun ja igiya daga wannan kunya zuwa waccan, mun rataya mata gwangwanaye da tsakuwa a ciki, in ka fizga daga rumfa gonar gaba ɗaya sai ta ɗauki ƙara. Yarinya tana son wannan, tana taya ni. Yamma ce matsalar. Daidai lokacin da tsuntsaye ke dawowa da yunwarsu, daidai nan sanyin ruwan kanal ke tasowa, tari ya turnuƙe ta. Ga wanka ba a yi ba, ga wuta ba a hura ba. Muna isa gida ta yi barci da yunwa, ni kuma in zauna ina kallon tukunya kamar za ta dafa kanta.

A fulotin da ke maƙwabtaka da namu wata Bafullatana ce ke kora, daga rugar da ta daɗe a bayan gari. Goyo a baya, wani yaron yana riƙe da zanenta. Kullum sai rana ta ɗaga take isowa a guje, ta tarar tsuntsaye sun riga sun karya kumallo. Ashe ita safiya ce ke kashe ta: tatsa, da kai nono kasuwa kafin ya yi tsami. Wata rana tana haki tana zagin tsuntsaye da Fillanci, ni ina kallon ƙarshen igiyarta da ƙarshen tawa, tsakaninsu bai fi taku kaɗan ba. Wannan ita ce dabara guda ɗaya da kaina ya taɓa haifa, kuma ban bar ta ta wuce ba.

Na je ruga na gai da mijinta, na sha fura, na kawo maganar. Ya yi ta dariya, ya ce bai taɓa jin Kaɗo, wato Bahaushe, ya zo neman alfarma saboda wankan yarinya ba, amma ya yarda. Muka ƙulle igiyoyin biyu suka zama ɗaya. Da safe ni nake ja, gona biyu na amsawa. Da yamma ita ke ja, ni in tafi gida. Muryarta ma ta fi tawa nisa, muryar kiran shanu ce. Abin da ban yi ba shi ne sanar da Alhaji. Na ce a raina mutumin da ba ya zuwa, me zai dame shi.

Tari ya fara sauƙi. Yarinya ta yi kumatu, don Bafullatanar nan kullum sai ta rage mata kindirmo, har kitso ta yi mata. Ni kuma na koyi tuwo, irin wanda in ka ci sai ka riƙa tauna gudaji kamar gyaɗa. Samarin majalisa suna kirana uwargida, ina amsawa.

Ranar da abin ya fashe, bayan la'asar ne. Na tsugunna a tsakar gida, yarinya a cikin baho, kumfa har gwiwar hannuna, sai na ji sallama biyu a zaure, ta mace da ta namiji. Yayata ta sauka daga mota ta zarce gona don ta kama ni ba shiri, a can ta ci karo da Alhaji, wanda shi ma ranar Allah ya kawo shi. Duk su biyun suka tarar da mace a rumfata. Alhaji ya ɗauko Yaya a motarsa, suka taho tare, kowa da tasa tuhumar.

Yaya ta shigo ta tsaya a kaina. Alhaji daga zaure ya fara. Ya ce shi namiji ya ɗauka aiki, cikakke, ba rabi ba. Ya ce in fito yanzu in koma gona, ko kuma kada ya sake ganin ƙafata a fulotinsa. Na duba lissafin: in na tashi na bar yarinya a ruwa, ta tafi Kumbotso. In na zauna, aiki ya tafi, ita ma ta tafi. Kaina da ya riga ya haifi dabararsa guda bai ƙara motsi ba. Sai kawai na ci gaba da cuɗa mata baya. Alhaji ya ƙara ɗaga murya, ya ce dama an faɗa masa ni ragon banza ne, mai aikin mata.

Na ga kafaɗar Yaya ta motsa. Duk rayuwata ita ke ce mini rago, kuma ashe ba ta ba wa kowa aron kalmar ba. Ta gyara mayafi ta nufi zaure.

"Alhaji, tare muka zagaya gonar nan da kai. Zangarniya nawa ka ga an ci?"

Ya ce ba wannan ce maganar ba.

"To wace ce? Tsuntsu ka ce a kora, an kora. Yaron nan uwar 'yarsa na kwance, shi ke wanka, shi ke girki, shi ke gona tun asuba. Samo mini namiji ɗaya a birninku da zai iya."

Yaron nan, ni ke nan, da furfura ta fara leƙowa a gemuna. Ta yi ta yi, har ta ce ba a taɓa yin uba irina a danginmu ba. Alhaji da ya zo korar mutum sai ga shi yana ba da haƙuri. Ya ce to a ci gaba, amma in aka ci masa alkama ni da Bafullatana za mu gane. Ya ja motarsa.

Yaya ta dawo tsakar gida tana huci, ta tarar na naɗe yarinya a zane ina ta murmushi. A nan ta gane abin da bakinta ya jawo mata, a gaban shaida kuma. Ta daɗe tana kallona. Ta buɗe tukunya, ta ɗanɗana tuwona, ta ce a zuba wa akuya in za ta ci. Ta hura wuta ta tuƙa wani, tana nuna mini yadda ake talge tana ranƙwashina da muciya.

Da gari ya waye ta kwance ƙullinta ta fito da 'yar riga sabuwa, wadda ta ɗinko don yarinya ta shiga Kumbotso da ita. Ta sa mata, ta gyara wuyan.

"Kada ka ɗauka ka iya ne," in ji ta. "Na dai riga na faɗa."

Muka raka ta bakin titi, mota ta zo ta shiga ita kaɗai. Na ɗora 'yata a wuya muka nufi gona a makare, tsuntsaye sun riga mu, gonaki biyu suna jirana.